Babi na Bakwai: Damtsen Aro

Gara a fara da maganar da iyaye da malamai, har ma da wasu ma'aikatan lafiya, ke nauyin bakin faɗa wa matashi: ƙwayar sitiroyid ta gina tsoka tana aiki. Saurayin da ya shekara biyu yana ɗaga ƙarfe a wani kango a Kpakungu ko Maitumbi, da sandar ƙarfen da aka zuba wa siminti a bokitin fenti ta kowane gefe, idan ya fara haɗiyar Dianabol zai ga canji kafin wata biyu su cika. Sikeli zai motsa, hannun riga zai matse, nauyin da jiya ya gagare shi yau zai tashi har sau biyar. Abokansa za su gani, shi ma madubi zai gaya masa. Duk babban da ya zo bayan haka ya ce masa ai ƙwayar nan yaudara ce, ba ta ƙara komai, to ya zubar da girmansa a banza, kuma duk gaskiyar da zai faɗa daga baya ba za ta shiga kunne ba.

Likitocin Amurka sun taɓa faɗawa wannan ramin. A 1977 babbar ƙungiyar likitocin wasanni ta ƙasar ta fitar da matsaya cewa babu tabbatacciyar hujjar da ta nuna sitiroyid na ƙara wa ɗan wasa ƙarfi. 'Yan ɗaga ƙarfe, waɗanda ke ganin abin a jikinsu, suka juya wa likitoci baya, suka koma koyo daga bakin junansu. Sai a 1996 wani bincike da Shalender Bhasin ya jagoranta a Los Anjalis ya rufe gardamar. An ɗauki maza 43 aka kasa su gida huɗu na tsawon mako goma. Waɗanda suka yi ta ɗaga ƙarfe ba tare da magani ba sun ƙara tsoka kimanin kilo 2. Waɗanda aka yi wa allurar testostiron suna zaune, ko tsinke ba su ɗaga ba, sun ƙara kimanin kilo 3. Waɗanda suka haɗa biyun kuwa, kilo 6. Saboda haka zancen ko tana aiki ya wuce. Abin tambaya shi ne da me ake biya, kuma wa ke biya.

Minna gari ne na matasa. Tun da ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ɗalibanta a Bosso da Gidan Kwano, ga Kwalejin Ilimi, ga masu gudun safe a kewayen filin wasa na Bako Kontagora, ga gidajen motsa jiki na kuɗi, ga kuma na kyauta a lungu inda ake ɗaga tsohon ƙarfen mota. Ba kowane mai son damtse ne ke son gasa ba. Wani yana jiran a buɗe ɗaukar soja ko ɗan sanda. Wani yana son aikin tsaron ƙofa a wurin biki, ko ya tsaya bayan ɗan siyasa da baƙin tabarau. Wani kuma hoton TikTok ne kawai ya hana shi barci. Kuma mu mutane ne da tun tale-tale muka yarda ƙarfi abu ne da ake iya sha. Ɗan dambe da ɗan kokawa ba su shiga fage sai da jiƙo da laya, ɗan tauri ma da abin da ya ci. Ko ɗan damben nan Shago da mawaƙi Ɗan Anace ya wasa, masu labarinsa ba su raba ƙarfinsa da shirin da aka yi masa. Ƙwayar Bature da ta zo, ƙofa a buɗe ta tarar.

Ba ta shigowa ta hannun likita. Ta hannun wanda ya riga ka a wurin ɗaga ƙarfe take zuwa, ko ta waya, a tura kuɗi a sako ta a motar haya daga Abuja ko Legas. Kuma lallashin kusan iri ɗaya ne ko'ina: "Ƙanena, zagaye ɗaya kawai za ka yi. Mako shida, ka huta. Ai wannan ba allura ba ce, ƙwaya ce kamar ta ciwon kai. Mu da muka daɗe a ciki, me ya same mu?"

Wannan kalma ta "ba allura ba ce" ita ta fi cin mutane, domin a wajen hanta ƙwaya ta fi allura illa, kuma dalilin yana cikin yadda aka ƙera ta. Testostiron shi ne sinadarin da 'ya'yan maraina ke samarwa, wanda ke buɗe muryar yaro, ya fito masa da gemu, ya faɗaɗa masa kafaɗa. A 1935 masana biyu, Adolf Butenandt a Jamus da Leopold Ruzicka a Suwizalan, suka gano yadda za a haɗa shi a ɗakin gwaji. Sai dai in an haɗiye shi bai cika yin amfani ba, saboda duk abin da hanji ya tsotsa sai ya bi ta hanta kafin ya shiga sauran jini, ita kuwa hanta nan take take ragargaza shi. Sai masu haɗa magani suka liƙa wa sinadarin wani ɗan reshe a gurbi na 17 na ƙirarsa, reshen da ke hana hanta narkar da shi da wuri. Da wannan dabara aka samu Dianabol da Winstrol da Anadrol da Anavar da Turinabol. Kowace daga cikinsu, abin da ya ba ta ikon yin aiki ta baki shi ne ta gagari hanta. Ba a iya ɗaukar ɗaya a bar ɗaya.

Dianabol ita ce uwarsu a fagen wasa. Wani likitan tawagar Amurka, John Ziegler, ya je gasar ɗaga ƙarfe ta duniya a Biyana a 1954, ya ji daga bakin takwaransa na Tarayyar Sobiyat cewa ana ba 'yan wasansu testostiron. Da kamfanin Ciba ya fitar da Dianabol a 1958, Ziegler ya shiga ba 'yan ɗaga ƙarfen garin York na jihar Fensilbaniya ita kaɗan-kaɗan. Ba a daɗe ba ya ga suna ninka abin da ya ba su sau da yawa, kowa na tunanin in ɗaya ta yi, goma za su fi. Ya rasu yana nadamar hannun da ya sa a ciki. Wasu daga cikin magungunan nan suna da amfani na gaske a asibiti: an yi amfani da Anadrol ga wani nau'in ƙarancin jini, da Anavar ga waɗanda wuta ta ƙone sosai. Amma likita ne ke auna su, yana kuma duba hantar majinyaci a kai a kai. Ko da haka, a 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta janye amincewarta da sinadarin da ke cikin Anavar.

Cutar da aka fi gani ita ce toshewar ruwan ɗaci. Hanta tana haɗa wannan ruwa ta tura shi ta ƙananan magudanai zuwa matsarmama da hanji. Ƙwayar tana jinkirta fitarsa, sai ya koma cikin jini. Yawanci tsakanin wata ɗaya zuwa huɗu da fara sha abin ke bayyana. Da farko kasala da tashin zuciya da rashin son abinci, waɗanda duk mutumin Minna zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, ya wuce kemis. Daga nan fitsari ya yi duhu kamar an rina shi, bayan gida ya yi fari-fari, ido ya yi rawaya. Sai ƙaiƙayi, irin wanda ke hana ƙato barci, yana sosa har fata ta yage. Ko an daina shan ƙwayar, shawarar na iya ɗaukar watanni kafin ta washe, kuma in ta yi tsanani takan taɓa ƙoda. Mafi yawan masu wannan matsala suna warkewa in sun daina da wuri, kuma wannan abin godiya ne.

Akwai biyu da ba su da wannan sauƙin. Ɗaya ita ce ramukan jini da ke buɗewa a cikin naman hanta. Mutum ba ya jin komai, har ranar da ɗaya zai fashe jini ya malale a cikin ciki. Ɗayar kuma ƙari ne, wanda ke tsirowa bayan shekaru ana sha ana hutawa. Wasu ƙarin ba daji ba ne amma suna iya fashewa, wasu kuma sukan rikiɗe su zama dajin hanta. Andreas Münzer, ɗan ƙasar Ostiriya da ya yi suna a gasar nuna tsoka ta duniya, ya rasu a watan Maris na 1996 yana da shekara 31, 'yan kwanaki bayan ya hau dandamali ana tafa masa. Da aka buɗe gawarsa, hantarsa cike take da ƙari.

To a nan ne lissafinmu ya sha bamban da na Turai, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Saurayin Jamus ko na Amurka galibi da lafiyayyar hanta yake fara wannan caca. Namu fa? Babban binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, kuma ta fi yawa a tsakanin maza. Mutum ɗaya ke nan cikin kowane goma sha biyu. Akasarinsu ba su sani ba, domin cutar takan yi shekaru a ɓoye. Rigakafinta bai shiga jerin alluran jarirai a Najeriya ba sai 2004, don haka duk wanda aka haifa kafin nan, in ba shi ya je ya nema da kansa ba, bai samu rigakafin ba. Ga kuma dafin rumar da ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, wanda shi ma hanta yake ci, haɗuwarsa da cutar B kuwa na ninka haɗarin daji. A tara samari ashirin a wurin ɗaga ƙarfe ɗaya a Tunga, lissafi ya nuna da wuya a rasa ɗaya ko biyu masu cutar. Wanda ke miƙa musu ƙwayar bai san ko wane ne ba, su ma ba su sani ba. A kan wannan hantar ake ɗora Dianabol, wani ya ƙara da tiramadol don ya jure ciwon gaɓoɓi, wani da giya.

Idan idon ya yi rawaya kuma, asibiti ba shi ne zangon farko ba. Uwa ce za ta fara lura. "Ɗan nan, zo in ga idonka. Shawara ce ta kama ka." Sai a jiƙa saiwar rawaya, a nemo ɗaurin sassaƙe, a hana shi mai da nama. Ita da zuciya ɗaya take yi. Ba ta san akwai wata kwalba a ƙarƙashin katifa ba, shi kuma ba zai faɗa ba, wataƙila ma bai daina sha ba, don bai haɗa ciwon da ƙwayar ba.

Zuciya ita ba ta nuna alama a ido. A jinin kowa akwai kitse iri biyu da likitoci ke aunawa: mai kyau, wanda ke kwashe maiƙo daga bangon jijiyoyi, da marar kyau, wanda ke jibge shi a can. A 1989 Paul Thompson da abokan aikinsa suka gwada abin a kan 'yan ɗaga ƙarfe goma sha ɗaya. Ɗan ƙaramin awo na sinadarin Winstrol, na mako shida kacal, ya rage kitse mai kyau da kashi 33 cikin ɗari, ya ƙara marar kyau da kashi 29. Mako shidan nan dai da ake ce wa ƙane ba komai ba ne. Dianabol kuma tana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Wani kaso na kilon da ake murna da shi a makonnin farko ruwa ne zalla, shi ke kumbura fuska, shi ke hawar da jini. Sannan ita zuciya tsoka ce, abin da ya kumbura damtse ita ma yana kumbura ta, bangonta ya yi kauri ya ƙage, ta kasa buɗewa da matsewa yadda ya kamata. A 2017 Aaron Baggish ya duba zukatan 'yan ɗaga ƙarfe 140 a Amurka, 86 masu shan sitiroyid, 54 da ba su taɓa ba. Zukatan masu sha sun fi rauni wajen tura jini, kuma gwargwadon shekarun da mutum ya yi yana sha, gwargwadon maiƙon da ya taru a jijiyoyin zuciyarsa. A Denmak an bi diddigin maza 545 da gwaji ya kama a gidajen motsa jiki, sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna mutuwa ta ninka sau uku a cikinsu in aka kwatanta da tsaransu. Wannan a ƙasar da motar asibiti ke isowa cikin mintuna ke nan.

Na lura duk wannan bayani ba ya cika girgiza ɗan shekara ashirin da biyu. Hanta ba ya ganinta, mutuwa kuma yana ganin ta tsofaffi ce. Abin da ke sa shi ya ajiye waya ya saurara shi ne zancen mazakuta.

Ƙwaƙwalwa ce ke ba 'ya'yan maraina umarnin aiki. Kullum tana auna yawan sinadarin namiji a jini, in ya yi ƙasa ta aika saƙo a ƙara, in ya yi yawa ta yi shiru. Ba ta bambance na jiki da na kwalba. Da ƙwaya ta cika jini, sai saƙon ya tsaya cak. Kamar gidan da kullum ake aiko musu da abinci daga waje ne, a kwana a tashi murhunsu ya mutu, ranar da aiken ya yanke babu wuta babu itace. 'Ya'yan maraina sukan ƙanƙance, su daina samar da testostiron, su kuma daina haɗa ƙwayoyin haihuwa. Abin ya tabbata har Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testostiron a matsayin maganin hana haihuwa na maza. A binciken da ta wallafa a 1990, wanda ya haɗa maza 271 a ƙasashe bakwai, mafi yawansu ƙwayoyin haihuwa sun ɓace daga maniyyinsu gaba ɗaya cikin wata shida. Mutumin da ake kauce wa a hanya saboda faɗin ƙirjinsa yana iya kasancewa yana shan maganin hana haihuwa bai sani ba.

Kowa kuma ya san yadda abin ke ƙarewa a gidajenmu. An yi aure, shekara ta zagayo, ta biyu ta biyo, shiru. Ba wanda zai dubi ango, ai ga shi nan ƙato, lafiya kamar ta yi magana. Amarya za a tasa a gaba. Ita za a kai wurin mai magani, ita za ta sha tsimi da rubutu, ita za a yi wa hoton mahaifa, ita za ta haɗiye habaicin dangin miji a wurin suna. Ƙarshe a fara raɗe-raɗin ƙarin aure. Yarinyar da ba ta taɓa ganin Dianabol da idonta ba ita ke biyan kuɗinta. Ina ganin wannan zalunci ne, ko da mijin bai yi nufi ba, kuma namijin da ya san abin da ya sha ya bar matarsa tana yawon neman magani ba tare da ya kai nasa maniyyin gwaji ba, ya ci amanarta.

Sauran illolin a fili suke. Jiki yana juya wani ɓangare na Dianabol zuwa sinadarin mata, sai nono ya fara tsirowa a ƙirjin namiji, da ɗan ƙullutu mai zafi a ƙarƙashin kan nonon. In ya daɗe ya yi tauri, ba ya komawa sai da tiyata. Ƙuraje masu ruwa sukan cika baya da kafaɗa su bar tabo. Mai gadon sanƙo zai same shi da wuri. Yaron sakandare kuma da ƙashinsa bai gama tsawo ba, ƙwayar na iya rufe masa bakin ƙashin, ya tsaya a inda yake har abada. Hali ma yakan canza. Ba kowa ba, amma wasu sukan zama masu saurin hasala da rashin barci, abin da jiya za a yi dariya a kansa yau sai hannu ya tashi, kuma na kusa ne ke fara ɗanɗanawa.

Ga mace abin ya fi muni, domin wasu canje-canjen ba sa juyawa: murya ta yi kauri, gashi ya fito a haɓa, al'ada ta rikice. Gwamnatin Jamus ta Gabas ta yi wa dubban 'yan wasanta ɗurar Turinabol ƙarƙashin wani shiri na sirri da ta tsara a 1974, da yawansu 'yan mata ƙanana da aka ce wa bitamin ne. A shekarar 2000 kotu a Balin ta samu shugaban wasannin ƙasar, Manfred Ewald, da babban likitan shirin, Manfred Höppner, da laifin cutar da su. Mu ma ba mu tsira ba. Vivian Chukwuemeka, wadda ta ciyo wa Najeriya zinare a jifan dalma a gasar ƙasashe renon Ingila ta 2002 a Manchesta, gwaji ya nuna sinadarin Anadrol a jikinta a 2009, ya sake nuna na Winstrol a 2012, aka haramta mata wasa har ƙarshen rayuwa. Winstrol ɗin nan dai ita ta raba Ben Johnson na Kanada da zinarensa na tseren mita 100 a Seoul a 1988, kwana uku bayan ya yi gudun a daƙiƙa 9.79.

Ya kamata a raba wannan da wani abu da ya fi shi yawa a kasuwanninmu, wato sha-ka-fashe da 'yan mata da wasu samari ke sha don su yi ƙiba. Abin da ke ciki sau da yawa dezametazon ne ko danginsa. Shi ma likitoci sitiroyid suke ce masa, amma gidansu daban, aikinsa ma kishiyar na Dianabol ne: yana cinye tsoka, ya tara kitse a fuska da ciki da ƙeya, ya jawo ciwon suga da hawan jini, ya sa ƙashi ya yi rauni. Siririn yaron da ya je kemis ya ce a ba shi sitiroyid na gina jiki, ba mamaki wannan aka ƙirga masa. Kuma wanda ya daɗe yana shan sa, yankewa lokaci ɗaya na iya kayar da shi, sai likita ya riƙa rage masa a hankali.

Ko wanda ya samu kwalba mai sunan Dianabol da hoton ƙato a jiki, bai san abin da ya saya ba. Ciba ta daina yin ta tun farkon shekarun 1980. Abin da ke yawo yanzu da wannan suna, mafi yawansa daga ɗakunan ɓoye yake fitowa, babu lambar NAFDAC, babu wanda za a kama in an cutu. Wani nazari na 2022 da ya tattara gwaje-gwajen sitiroyid ɗin kasuwar bayan fage daga ƙasashe da dama ya samu kusan kashi 36 cikin ɗari jabu ne, ko dai wani sinadari daban ne a ciki ko babu komai, wani kaso kwatankwacin haka kuma awonsa bai dace da abin da aka rubuta ba. Har garin gina jiki na gwangwani bai kuɓuta ba. Wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus ya sayi kayan ƙarin gina jiki iri-iri guda 634 daga ƙasashe 13 a tsakanin 2000 da 2001, ya tarar da sinadaran sitiroyid da ba a ambata a takarda ba a cikin 94. A dokar Najeriya irin waɗannan magunguna sai da takardar likita, kuma lasisin mai kemis na unguwa bai kai ya sayar da su ba.

Dainawa ita ce wuya. Ranar da ƙwaya ta ƙare, jiki ba ya da na kwalba, ba ya da nasa. Ruwan da ya tara ya zube, damtse ya saki, nauyin da yake ɗagawa ya koma gagararsa a gaban yaran da da suke kallonsa. Sha'awa ta mutu, gaba ya ƙi motsi, kasala da baƙin ciki su rufe shi, wasu har tunanin kashe kai. Mai wannan hali hanya biyu ke kiransa: ya koma zagaye na biyu, ko ya nufi masu maganin ƙarfin maza na bakin tasha, ya ƙara wa jiki wani haɗin da bai san cikinsa ba. Harrison Pope na Jami'ar Habad, wanda ya shafe shekaru yana nazarin masu shan sitiroyid, ya ƙiyasta kusan kashi 30 cikin ɗari nasu sukan kai matsayin da ba sa iya bari. "Zagaye ɗaya kawai" kan zama shekara biyar.

Wanda ya riga ya shiga, abin da zai fi yi masa amfani shi ne ya tafi asibiti da kwalbar a aljihu. A Babban Asibitin Minna, ko Asibitin Ƙwararru na IBB, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida, idan likita ya ce, "Malam, ban da maganin zazzaɓi, akwai abin da kake sha?" to amsar wannan tambaya ce ke raba mako guda na bincike da wata uku na lalube. Likita ba ɗan sanda ba ne, sirrin majinyaci kuma amana ce a wuyansa. Abin da za a duba sananne ne: aikin hanta, cutar hanta nau'in B da C, hawan jini, kitsen jini, aikin ƙoda, sai hoton ciki ko na zuciya in an ga dalili. Wanda gwajin B ya nuna ba ya da ita, ya karɓi rigakafi, allura uku ce cikin wata shida. Ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko rawayar ido, waɗannan ba a kwana da su a gida.

Mai aure kuma, ko mai shirin yi, ya nemi gwajin maniyyi da na testostiron. Jiki yana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya kammala haɗa ƙwayar haihuwa, shi ya sa ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, sai an maimaita bayan wata uku. Mafi yawan waɗanda suka daina sukan farfaɗo cikin wata shida zuwa shekara biyu. Wanda ya daɗe yana sha yakan fi haka jinkiri, wani sai an taimaka masa da magungunan da ke tada saƙon ƙwaƙwalwa, waɗanda likitan mafitsara ko na sinadaran jiki ke rubutawa yana bibiya, kuma wani binciken Denmak na 2016 ya samu tsofaffin masu sha da testostiron ɗinsu bai koma daidai ba shekaru bayan sun bari.